Ƙurji a huhun saniya: tarin shanu ne ko na mutane?

A mahautar Agadas, idan mai duba nama ya tsaga huhun saniya ya tarar da ƙurji mai fari-fari kamar cuku, tarin fuka zai fara zargi. To amma wanne? Ƙwayar tarin shanu da ta mutane 'yan gida ɗaya ne, ko a madubin likita ba a raba su.

Wani bambancin yana jikin ɓawonsu. Kowace ƙwaya lulluɓe take da maiƙo, wani maiƙon da sukari manne a jikinsa. A ta shanu sukarin ɗaya ne. A wasu nau'o'in ta mutane uku ne, da yawansu ma ba su da wannan maiƙon sam. Akwai na'urar awon nauyin sinadarai: a tace maiƙon daga tsokar, ta auna shi, mai sukari uku ya fi nauyi, sai ya fito daban. Na'ura ce mai tsada, ta manyan ɗakunan bincike.

Me ya shafi makiyayi? Ƙwayar shanu ba ta jin pyrazinamide, ɗaya daga cikin magunguna 4 da ake fara ba mai tarin fuka. Kuma ta ɗanyen nono ta fi shiga mutum, shi ne dai nonon da ake cuku da shi. A tafasa madara kafin yara su sha. Dabbar da ke tari tana rama, a ware ta, a kira likitan dabbobi. Shi ya san hanyar kai samfuri LABOCEL a Yamai.