Akintola Williams: Akantan da Ya Mayar da Amana Jarinsa

Rasuwar Akintola Williams a ranar 11 ga Satumba, 2023, yana da shekara 104 a duniya, ta rufe tarihin mutumin da ya fara zama ƙwararren akanta mai shaidar ƙwarewa a cikin 'yan Najeriya, wanda kuma ya yi rayuwar da aikin ofis da tarbiyyar Kirista da zaman iyali suka tafi a kan turba guda. An haife shi a ranar 9 ga Agusta, 1919, a gidan da ya daɗe da sanin boko da kasuwanci, domin kakansa attajiri ne daga Abeokuta, mahaifinsa kuma lauya ne, sannan ƙanensa Rotimi Williams ya shiga sahun farko na manyan lauyoyin Najeriya a 1975, wani ɗan'uwansa kuma ya zama limamin coci.

Karatunsa ya fara ne a makarantar firamare ta ɗariƙar Metodis da ke Olowogbowo a Legas, daga nan ya wuce makarantar sakandare ta mishan ta CMS, wadda aka kafa a 1859, sannan babbar kwalejin Yaba. Ɗariƙar Metodis, wadda John Wesley ya assasa a Ingila a ƙarni na 18, ta shahara da koyar da cewa dukiya ajiya ce da Ubangiji ya danƙa wa bawa, kuma za a tambaye shi yadda ya same ta da yadda ya kashe ta, koyarwar da ta yi daidai da sana'ar da yaron zai kama daga baya. A 1944 ya tafi Ingila, ya sami digirin kasuwanci a Jami'ar Landan a 1946, kuma a 1949 ya ci jarrabawar ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta ƙasar.

Fahimtar girman wannan nasara tana buƙatar sanin abin da ake nema daga akanta. Tsarin da ake kira shigarwa biyu, wanda malamin lissafi Luca Pacioli ya bayyana a littafin da ya wallafa a Italiya a 1494, ya tanadi cewa kowace hada-hada a rubuta ta a wuri biyu, wato inda kuɗin ya fito da inda ya shiga, ta yadda idan ɗan kasuwa ya sayi buhunan shinkafa da kuɗi hannu, za a rage adadin a shafin kuɗi, a ƙara shi a shafin kaya, kuma dole jimillar ɓangarorin biyu ta zo daidai. Mai binciken kuɗi kuwa, wanda ma'aikata ke kira odita, shi ne baƙon da ke zuwa daga waje ya duba rasit da takardun banki, ya ƙirga kayan sito da idonsa, kafin ya sa hannu a kan cewa lissafin gaskiya ne. Banki yana ba da rance, hukumar haraji tana yanke abin da za a biya, masu hannun jari suna sakin kuɗinsu, duk bisa wannan sa hannu, saboda haka ranar da aka san ana iya sayensa, darajarsa ta ƙare.

Da ya dawo gida a 1950, Williams ya yi aiki a hukumar haraji ta gwamnati, amma a 1952 ya ajiye aikin ya buɗe kamfaninsa a Legas, a lokacin da kamfanonin Turawa ne suka mamaye harkar binciken kuɗi. Daga cikin abokan hulɗarsa na farko akwai jaridar West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe da kamfanin sufuri na Ojukwu, kuma sannu a hankali kamfanin ya buɗe rassa a Fatakwal da Enugu, ya ƙetara zuwa Kamaru a 1964, har daga baya ya haɗe da Deloitte, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin akanta na duniya.

Sai dai abin da ya fi bambanta shi da sa'o'insa shi ne yadda ya gane cewa gaskiyar mutum ɗaya ba ta isa ta riƙe sana'a ba, sai an yi mata doka da jarrabawa da hukunci. Ya jagoranci kafa ƙungiyar akantoci ta Najeriya a 1960, wadda dokar majalisa ta 1965 ta mayar da ita cibiyar da aka fi sani da ICAN, kuma shi ne shugaban ƙungiyar na farko. Yana cikin waɗanda suka sa hannu a takardar kafa kasuwar hannayen jari ta Legas a 1960, tare da Alhaji Shehu Bukar da Sir Louis Odumegwu Ojukwu, kuma ya zauna a kwamitin Coker na 1962 wanda ya binciki hukumomin gwamnatin Jihar Yamma.

A ɓangaren iyali, ya auri Mabel Coker a 1947, suka haifi 'ya'ya biyu, suka kuma zauna tare fiye da shekara sittin har rasuwarta a 2009. Bayan ya yi ritaya a 1983, ya mayar da ƙarfinsa ga ƙungiyar raya kiɗa ta MUSON, wadda cibiyarta ke Onikan a Legas, inda ake horar da matasa kiɗa da waƙa.

Matashin da ke zana jarrabawar ICAN a yau, ko a Kano yake ko Kaduna ko Jos, Musulmi ne ko Kirista, yana shiga sana'ar da Williams ya shimfiɗa wa ƙa'idoji, kuma babbar ƙa'idar ita ce akanta ba ya sa hannu a kan abin da bai tabbatar ba, ko da mai kamfanin ne ke biyansa ladan aikin.