Kumburin Furostet: Abin da Ya Kamata Dattawan Sabo Su Sani Kafin Zaɓar Magani

Daga unguwar Sabo ta Ibadan zuwa asibitin koyarwa na UCH, wanda aka buɗe a 1957, tafiyar 'yan mintoci ce ta Mokola. Duk da wannan kusanci, akwai dattawa a unguwar nan da kan yi shekaru suna fama da fitsari ba su taka ƙofar asibitin ba, sai daren da fitsarin ya tsaya cak, mara ta kumbura, a kwashe su ranga-ranga. Kunya ce babban dalili. Mutum ya gwammace ya ce sanyi ne ke damunsa, ya sayi jiƙo wajen masu tallan magani da lasifika, da ya buɗe baki ya gaya wa likita abin da ke faruwa a banɗaki.

Furostet wani nama ne da kowane namiji yake da shi a ƙarƙashin mafitsara, ya zagaye hanyar fitsari. Girmansa a jikin saurayi bai wuce ƙwaryar goro ɗaya ba, nauyinsa kamar giram 20. Idan shekaru suka ja sai ya riƙa girma yana matse hanyar. Kusan rabin mazan da suka kai shekara 60 suna da wannan kumburi, kuma yawan yana ƙaruwa da tsufa. Alamominsa sanannu ne: tashi sau uku ko huɗu cikin dare, jira kafin fitsari ya fara zuba, fitowarsa ba ƙarfi, da jin kamar bai ƙare ba. Abin da ya fi ƙona ran dattijo Musulmi shi ne ɗigo. Ya yi tsarki, ya yi alwala, yana shiga sahu sai ya ji danshi a wando. Mai fataucin goro ko shanu kuma doguwar tafiya zuwa Arewa ta zame masa azaba, domin direba ba zai tsaya masa duk bayan awa ɗaya ba.

Kumburin furostet daban, kansar furostet daban, amma alamominsu na iya kama da juna, kuma mutum ɗaya na iya samun duka biyun. Haka ma ciwon suga, da ƙuncewar hanyar fitsari bayan tsohon ciwon sanyi, suna kawo irin wannan damuwa. Shi ya sa ba a zaɓar magani kafin bincike. Likita zai yi tambayoyi bakwai a kan fitsarin ya ba da maki daga 0 zuwa 35, zai taɓa naman da yatsa ta dubura, ya sa a yi gwajin jini na PSA, mai taimakawa wajen gano kansa, da na ƙoda, a duba fitsari, a ɗauki hoton mara don a ga girman naman da yawan fitsarin da ke saura. Binciken yatsan nan da mutane ke gudu bai kai minti ɗaya ba, kuma yana gano taurin da ke nuna alamar kansa.

Wanda makinsa bai wuce 7 ba sau da yawa ba ya buƙatar ko ƙwaya. Ya rage shan ruwa da shayi bayan Isha, ya magance taurin bayan gida, ya yi hattara da magungunan mura da ake saye a kemis, domin wasunsu kan tsayar da fitsari gaba ɗaya. Sai ya riƙa komawa ana duba shi.

Idan abin ya wuce nan, sai ƙwayoyi. Tamsulosin da danginsa suna sassauta matsewar, ana jin sauƙi cikin 'yan kwanaki, amma ba sa rage girman naman, kuma suna iya kawo jiri idan an miƙe tsaye da sauri. Wanda za a yi wa aikin yanar ido ya gaya wa likitan ido cewa yana shan sa. Finasteride da dutasteride su ne ke rage girman, da kamar kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar, sai dai sukan ɗauki wata shida kafin a ga amfaninsu, kuma wasu maza sha'awarsu kan ragu. Suna kuma rage sakamakon PSA da kusan rabi, don haka duk likitan da zai karanta gwajin ya san ana shan su. Ƙwayoyin nan na kullum ne. Idan aka daina, damuwar takan dawo.

Akwai lokacin da maganar ƙwaya ta ƙare: fitsari ya tsaya fiye da sau ɗaya, ko tsakuwa ta fito a mafitsara, ko ƙoda ta fara taɓuwa, ko jini da ciwon mafitsara suna ta maimaituwa. A nan ne mutane da yawa ke maƙalewa. An sa wa mutum robar fitsari don a cece shi a daren farko, sai ya zauna da ita wata da watanni, yana ɓoye jakar a cikin babbar riga, yana zuwa ana canza masa duk wata. Ya daina zama a majalisa saboda wari, ya rage zuwa jam'i. Robar tana ceton rai, amma daɗewa da ita yana kawo ƙwayoyin cuta da tsakuwa da zazzaɓi mai tsanani. In ban da wanda jikinsa ba zai iya ɗaukar tiyata ba, bai kamata ta zama mazaunin dindindin ba.

Tiyatar da aka fi sani a duniya ita ce TURP. Ba a yanka ciki. Ana yin allurar kashe jiki a baya, a shigar da na'ura ta hanyar fitsari, a kankare naman da ya toshe hanya kaɗan-kaɗan. Ta fi dacewa da naman da nauyinsa ke tsakanin giram 30 zuwa 80. Galibi kwana biyu ko uku ake yi da roba, sannan a koma gida. Idan naman ya wuce giram 80, abin da ake yawan samu a wajen waɗanda suka makara, sai a buɗe ta ƙasan cibiya a ciro shi da hannu. Tsohuwar hanya ce, likita Peter Freyer ya shahara da ita a Landan tun wajen 1900, kuma likitocin Najeriya sun ƙware a kanta ƙwarai. Sakamakonta yana daɗewa, da wuya a sake yi. Wahalarta ita ce zubar jini ya fi yawa, ana iya buƙatar ƙarin jini, kuma kwanciya takan kai mako guda ko fiye.

Akwai ta leza da ake kira HoLEP, wadda aka ɓullo da ita a Niyu Zilan a shekarun 1990. Tana cire nama komai girmansa ba tare da yanka ba, jini kaɗan ne ke zuba, amma tana da tsada kuma masu yin ta ba su da yawa. Akwai kuma sababbi irin su Rezum, mai aiki da tururin ruwa, da UroLift, mai ɗage naman gefe da 'yan ƙananan maɗauri. Sauƙi gare su, sai dai ba su dace da nama mai girma sosai ba, kuma yiwuwar a sake aiki bayan 'yan shekaru ta fi yawa. A ganina, mutum bai kamata ya sayar da kadararsa don neman sabuwar na'ura ba alhali ga likitan da hannunsa ya faɗa da TURP ko buɗewa a kusa da shi. Ƙwarewar mai aikin ta fi sunan na'urar muhimmanci.

Sai maganar da aka fi ɓoyewa, kuma ita ce ya kamata a fara yi. Bayan TURP, ko buɗewa, ko HoLEP, yawancin maza, wajen biyu cikin uku ko fiye, maniyyinsu yana komawa cikin mafitsara maimakon ya fito. Ba ya cutar da jiki, kuma mafi yawansu ƙarfin mazakutarsu yana nan, suna saduwa da iyali kamar da. Amma samun haihuwa yana wuya. A cikinmu mai shekara 60 da amarya da fatan ƙarin 'ya'ya ba baƙon abu ba ne. Irin wannan mutum ya faɗa wa likita tun kafin a sa ranar aiki, domin wataƙila a ci gaba da ƙwaya, ko a duba hanyoyin da ba sa taɓa maniyyi, ko, idan naman ƙarami ne, a ɗan tsaga shi kawai ba a kankare ba. Wanda ya gama haihuwa kuma roba ta hana shi sakat, lissafinsa daban ne. Rashin iya riƙe fitsari na dindindin bayan aiki yana faruwa, amma ga mutane ƙalilan.

A asibitocin Ibadan da Turanci ko Yarbanci ake magana. Wanda ba ya jin su sosai ya tafi da tafinta, amma ya zaɓa da kyau: dattijo ba zai iya tambayar maniyyi a gaban ɗansa ba, gara ya je da aboki sa'ansa mai riƙe sirri. A gaya wa likita idan ana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini, ko akwai hawan jini da suga. A tanadi 'yan'uwa masu ba da jini tun da wuri, a kuma tambayi ko inshorar NHIA ko ta jihar Oyo, OYSHIA, za ta ɗauki wani abu. Bayan aiki a karɓi sakamakon binciken naman da aka cire, a ci gaba da zuwa duba lafiya, domin ɓangaren furostet na waje yana nan, kuma kansa na iya fitowa a cikinsa daga baya.

Malam, idan fitsari ya ƙi fita sam kuma mara tana ciwo, kada a jira gari ya waye, kada a tsaya jiƙa magani. A wuce sashen gaggawa na asibiti a daren.