Kogon Tham Luang da yadda ake koyon aiki tare

In ka taɓa shiga ƙungiyar matasa ko aikin rukuni a makaranta, ka san yadda ake farawa: kowa gwani ne, kowa na magana, ba mai sauraro. Ana ɗaukar lokaci kafin a wuce nan, balle in matsalar kanta tana sauya kama kullum. Dubi abin da ya faru a arewacin Tailan a 2018.

Ranar 23 ga Yuni yara 12 'yan ƙwallo da kocinsu suka shiga kogon Tham Luang, ruwan sama ya toshe musu hanyar fita. Sojojin ruwan ƙasar suka iso, amma nutso a teku daban, nutso a kogo mai duhu da laka daban. Ci gaba na farko shi ne amincewa cewa wani ya fi ka sanin wannan fannin. Aka gayyato masu nutson kogo daga Birtaniya, kuma biyu daga cikinsu, Rick Stanton da John Volanthen, su suka gano yaran da rai ranar 2 ga Yuli.

To, a nan fa aikin ya yi tsauri. A jira damina ta wuce? A haƙo rami daga saman dutse? A koya wa yaran nutso? Kowace shawara da nata haɗarin. Iskar shaƙa a inda yaran suke ta ragu zuwa kashi 15 cikin ɗari, tsohon sojan ruwa Saman Kunan kuma ya rasu bayan ya kai tukwanen iska. Dole aka ajiye shirin jira, aka ɗauki wanda kowa ke tsoro: likita Richard Harris daga Ostireliya ya yi wa yaran allurar barci, a fito da su ta ƙarƙashin ruwa. A ganina wannan ne mataki mafi wuya, ka saki shawarar da ka kare jiya saboda labarin yau ya sauya. Ba su yi gaba gaɗi ba, sai da suka gwada tsarin a wurin ninkaya da yaran gari.

Kada ka manta da manoman yankin, waɗanda ruwan da aka zuƙo daga kogon ya mamaye gonakinsu na shinkafa. Su ma suna cikin aikin ai.

An fito da huɗu ranar 8 ga Yuli, huɗu washegari, biyar na ƙarshe ranar 10. Jim kaɗan bayan haka babban famfon zuƙar ruwan ya lalace, ma'aikatan da suka rage a ciki suka fito a guje.