Tsohuwar Land Rover da rairayin Bune

Wanda duk ya bar kwalta a Gure ya nufi Bune, cikin jihar Damagaram, ya san mota ba ta yin gudu a wannan hanya. Tudun rairayi ne bayan tudu, sai kwaruruka na dabino da kanwa. Abin da direba ke nema ga injinsa shi ne ƙarfin hawa. In mota ta kafe da kaya ran kasuwa, ciniki ya wuce; in marar lafiya ta ɗauko, abin ya fi haka muni.

Tsofaffin Land Rover da suka rage a irin waɗannan hanyoyi, da yawansu injin esansi gare su mai silinda 4, na lita 2 da kwata. An soma ƙera shi a Ingila a 1958, kuma shi aka ci gaba da sa wa samfurin da ya fito daga 1971 zuwa 1985. Yana sabo ƙarfinsa wajen doki 70 ne. Yau fa? Ƙura ta cinye zobban fistan, inji na shan mai, yana hayaƙi, dawakin sun watse.

Saboda haka ƙwararren makaniki ba ya fara da sayen kaya masu tsada. Yakan sake zobba, ya goge bawul su zauna daidai, ya sa sababbin buji, ya saita wuta, ya wanke karbirato. Matacin iska na wannan mota da mai yake kama ƙura. Wasu direbobi kan cire shi wai don inji ya sha iska. Wannan ganganci ne, domin rairayi ne zai shiga ya niƙe silinda.

Sai babban aiki, wato kan injin, wanda ake kira kilas. Kamfanin ya yi shi iri biyu: mai matsa iska da esansi ninki 7, da mai ninki 8. Na farkon aka fi aika wa ƙasashen da esansinsu ba shi da kyau. In aka kai shi wurin masu injin gyaran ƙarfe aka kankare masa wajen milimita 2 da rabi, sai ya koma ninki 8, mota ta ƙara ƙarfi, shan esansi kuma ya ɗan ragu. Kuɗin bai kama ƙafar na sayen wani inji ba.

Amma akwai sharaɗi. Injin da aka matse yana son esansi mai kyau, kuma yana saurin yin zafi, balle a watan Afrilu. Matatar Soraz ta fara aiki kusa da Zinder a 2011, sai dai a ƙauye esansin kwalba ake samu, wani lokaci gauraye da kananzir. Da irinsa inji ke ƙwanƙwasa har fistan ya huje. Mai motar da ba zai iya tabbatar da esansinsa ba, gara ya bar kilas yadda yake, ya wanke tukunyar ruwa, ya rage iskar tayoyi kafin ya hau tudu.