Wasan Besbol Da Ya Tashi 1-0: Abin Da Ya Kamata Ku Sani

Idan kun saba da ƙwallon ƙafa, za ku ce 1-0 ai ba wani abu ba ne. A besbol ɗin Amurka kuwa, inda kowace ƙungiya kan ci maki huɗu ko biyar a wasa, irin wannan sakamako yana nufin masu jifa ne suka ci kasuwarsu ranar.

Yaya ake yin wasan?

Ƙungiya biyu ce, kowace da mutum tara a fili. Ɗaya tana jifa da tsaro, ɗaya tana bugu. Mai jifa yana tsayawa kan ɗan tudu, kimanin mita 18 daga mai sanda, abokinsa mai cafewa kuma na tsugune bayan mai sandar. Wanda ya zaga tashoshi uku ya dawo gida ya ci maki ɗaya. Mai sanda in ya kuskure jifa mai kyau sau uku, ya fita. Mai jifa in ya kauce sau huɗu, an ba mai sanda tashar farko kyauta. Da an fitar da mutum uku sai a yi musaya, har zagaye tara.

Me ya sa bugun yake da wuya?

Ƙwallon na iya zuwa da gudun kilomita 150 a awa, wato kafin rabin daƙiƙa ta iso. Wani jifan kuma murza ta ake yi da yatsu, ta taho kamar za ta wuce ta ƙirji, sai ta nutse ƙasa dab da sanda. Shi ya sa wanda ke yin bugu mai amfani sau uku cikin goma ake kiransa gwani.

Yaya irin wannan wasa yake kasancewa?

Ku ɗauki daren 9 ga Satumba, 1965, a Los Angeles. Sandy Koufax, bahagon mai jifa na Dodgers, ya fuskanci 'yan Chicago Cubs sau 27, ko ɗaya bai taka tashar farko ba. Sau 14 ya fitar da mai sanda da jifa zalla, har da shidan ƙarshe a jere.

Abin tausayi shi ne takwaransa na Cubs, Bob Hendley. Bugu mai amfani ɗaya tak ya bari, kuma ba shi ne ya kayar da shi ba. A zagaye na biyar ya kauce sau huɗu, Lou Johnson na Dodgers ya samu tashar farko. Aka tura shi ta biyu, ya faki ido ya ruga ta uku, mai cafewa Chris Krug ya wurga ƙwallo don tare shi, ta wuce saman kan abokinsa. Johnson ya ƙarasa gida. Makin ke nan, babu wani. A ganina Hendley bai cancanci faɗuwa ba, amma allon maki bai san wannan ba.

Wa abin ke shafa?

'Yan kallo da yawa sun fi son jin ƙarar sanda. A 1968 masu jifa sun mamaye wasan ƙwarai, har Bob Gibson na St. Louis ya zama kusan ba ya buguwa. Sai hukumar gasar ta rage tsayin tudun jifa daga inci 15 zuwa 10 a 1969, don masu sanda su samu sa'ida.

Mene ne farashin irin wannan jifa?

Hannu ne ke biya. Ciwon gwiwar hannun hagu ya sa Koufax ya yi ritaya a ƙarshen 1966, yana ɗan shekara 30, yana tsakiyar ganiyarsa. Yau masu horarwa na ƙirga kowane jifa, kuma galibi da ya doshi 100 sai a canza mutum, ko da wasan na yi masa kyau.