Ƙuli-ƙulin Angurya: Yadda Ake Cire Masa Dafi



Duk mai turkar sa ya san ƙuli-ƙulin angurya. Ka jiƙa shi, ka zuba wa bijimi, ba da jimawa ba tozo ya miƙe. To amma abin da ke gina sa yana iya kayar da alade da kaza. Fasa ƙwayar angurya ɗaya ka duba, za ka ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe a cikinta. Nan dafin yake, sunansa gosifol. Ƙwayoyin halittar da ke tumbin saniya suna ɗaure shi, shi kuwa alade ba ya tuƙa, ciki ɗaya gare shi, sai dafin ya taɓa masa zuciya da hanta, ya rage wa namiji ƙarfin barbara.

Ƙasar Sin ce ta fi damuwa da wannan. Kusan rabin aladun duniya a can suke, kuma duk shekara tana sayo waken soya wajen tan miliyan 100 daga waje, galibi don abincin dabbobi, alhali ga angurya tuli a yankin Shinjiyang. Shi ya sa masananta suka duƙufa neman hanyar cire dafin.

Dabarar kuwa ba baƙuwa ba ce ga matan da ke yin daddawa. Ana dama garin ƙuli-ƙulin da ruwa kaɗan, a zuba masa yisti da ƙwayoyin halitta masu amfani, ciki har da Basilus, irin wadda ke nunar da kalwa ta zama daddawa. A ƙara sinadaran enzayim masu farfasa ƙaiƙayin da hanji ba ya iya narkarwa, a rufe, a bar shi ya tsima kwana biyu zuwa uku a wuri mai ɗumi. In an buɗe, dafin ya ragu ƙwarai, abincin kuma ya fi narkewa.

Wani zai ce ina ruwanmu da alade? Akwai masu kiwonsa a Kafanchan, kuma kazarka ma ciki ɗaya gare ta. Gosifol har launin gwaiduwar ƙwai yake ɓatawa. Abin yana mini ciwo, a ce muna da auduga a Funtuwa da Gusau amma tsadar abincin kaji tana rufe gonaki.

Don Allah, kada ka zuba wa kajinka ƙuli-ƙulin angurya yadda kake ba wa bijimi. Tuntuɓi malamin dabbobi tukuna.