Haɗa kwamfutar gem a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa: Me ya sa lissafin ke farawa daga wutar lantarki?

Duk matashin da ya shiga YouTube yana neman yadda ake haɗa kwamfutar buga gem, shawara guda zai fara cin karo da ita: a zuba mafi yawan kuɗin a katin hoto mai ƙarfi, sauran kayan su biyo baya.

Masu bayar da wannan shawara galibi suna Amurka ne ko Turai, inda wuta ba ta ƙiftawa, ɗaki na da sanyi, kuma idan kaya ya zo da matsala sai a mayar wa kamfani ya canza.

A ƙananan hukumomin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa na Jihar Katsina, lamarin ya sha bamban. Matashin da ya tara kuɗinsa daga noman masara, ko cajin waya, ko sana'ar POS, yana da dama guda ce. Idan ya sayi abin da wutar garinsu ba za ta iya ɗauka ba, ko abin da ba ya aiki sai da intanet, kuɗin sun tafi ke nan, domin kayan kwamfuta na hannu ba kasafai ake mayar da su ba.

Ga kuma tsada. Kusan duk wani ɓangare na kwamfuta daga waje ake shigo da shi. Kafin watan Yunin 2023 dala tana kusan Naira 460 a farashin gwamnati, amma zuwa farkon 2024 ta haura Naira 1,500. A ƙarshen 2025 kuma farashin ram ya yi tashin gwauron zabi a duniya, saboda kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe abin da masana'antu ke ƙerawa.

Wuta ce ke yanke hukunci

Yankin yana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na KEDCO ne, mai kula da Kano, Katsina da Jigawa. Ko a manyan birane wutar ba ta da tabbas, balle a garuruwan da ke ƙarshen layi. A watan Oktoban 2024 mafi yawan jihohin Arewa sun kwashe sama da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Man janareto kuwa ya fi ƙarfin yawancin matasa tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023.

Wannan ya sa duk wanda zai haɗa kwamfuta a yankin, a kan sola da batir zai dogara. Nan ne adadin wat ɗin da kowane kaya ke ja yake zama maganar kuɗi.

Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wutar da ta kai wat 2,400 na awa guda. Irin batiran da aka fi samu ba a son a zuƙe fiye da rabinsu idan ana so su yi ƙarko, sannan inbata ma tana cin nata kason. Abin da ya rage bai wuce wat 1,000 ba. Kwamfutar da ke jan wat 150 har da allonta za ta yi awa shida zuwa bakwai a kai. Wadda ke jan wat 330 kuwa, awa uku ta gama da shi.

Bambancin da ke tsakanin waɗannan kwamfutoci biyu, yawanci katin hoto ne. Katin RX 580 na kamfanin AMD, wanda ya fito a 2017 kuma ya cika kasuwannin kayan hannu saboda araha, yana jan wat 185 shi kaɗai. RTX 3060 na Nvidia yana jan 170. RX 6600 yana jan 132 kuma ya fi RX 580 ƙarfi nesa ba kusa ba. RTX 4060 yana jan 115, GTX 1650 kuma 75 kacal. Manyan da ake ta yabo a bidiyo, irin RTX 4090, suna kai wat 450, wato batirin gida guda ba zai yi musu awa biyu ba idan aka haɗa da sauran kayan.

Don haka arahar RX 580 ta ranar saye ce kawai. Abin da aka rage a shago, za a biya shi wajen ƙara faranti da batir.

Sai akwatin wutar kwamfutar, wanda masu gyara ke kira fawa-fak. Shi ne abin da masu farawa suka fi yi wa rowa, alhali idan ya ƙone yana iya tafiya da babban allo da katin hoto gaba ɗaya. Mai alamar 80 Plus daga sanannen kamfani, na wat 450 zuwa 550, ya ishi irin kwamfutar da ake magana a kai. Da yawa daga cikin na zamani suna karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, abin da ke da amfani sosai a inda wuta ke zuwa da rauni.

Akwai tarko biyu a nan. Na farko, irin waɗannan fawa-fak na zamani ba sa jituwa da inbata ko UPS mai arha da ke fitar da wuta marar santsi, wani lokaci kwamfutar ta mutu daidai lokacin da aka ɗauke wuta. Wajibi ne a tambayi mai haɗa sola ya tabbatar inbatar mai tsabtatacciyar wuta ce. Na biyu, tsofaffin kwamfutocin da aka shigo da su daga Amurka wasu na da ɗan jan maɓalli a baya mai lamba 115 da 230. Wutar Najeriya bolt 230 ce. Idan aka jona yana kan 115, ƙara ɗaya za a ji sai hayaƙi.

Shi kuwa ƙaramin janareton nan da ake kira "I pass my neighbour", wutarsa hawa da sauka take yi, bai kamata a jona masa kwamfuta kai tsaye ba.

Wane gem za a buga?

A gidajen gem na Arewa ƙwallo ce sarauniya, sai GTA. Wannan ya sauƙaƙa lissafi, domin ba sai an nemi na'urar gasar duniya ba.

PES 2021, wanda shi ne na ƙarshe kafin kamfanin Konami ya sauya sunan zuwa eFootball, da GTA V da ya fito a kwamfuta a 2015, duk suna tashi a kan na'ura mai matsakaicin ƙarfi. Furosesa irin Ryzen 5 5600G, wadda ta shiga kasuwa a 2021, tana da nata sashen hoto a cikinta, ajinta na wat 65 ne, kuma za ta iya ɗaukar waɗannan wasanni idan aka sassauta ingancin hoton. Ma'ana, mutum na iya fara wasa ba tare da ya sayi katin hoto ba, ya ƙara shi daga baya idan kaka ta yi kyau.

Amma tana da iyaka. EA Sports FC 24, wanda ya gaji FIFA a 2023, mafi ƙarancin abin da kamfanin ya ce yana buƙata shi ne katin GTX 1050 Ti ko RX 570, da ram gigabayit 8, da wurin ajiya gigabayit 100. Wanda burinsa FC ne, ba makawa sai ya sayi kati.

Harafin da ke ƙarshen sunan furosesa ma abin lura ne. Ryzen 5 5600 marar G ba ta da sashen hoto, haka ma na Intel masu F a ƙarshe, kamar Core i3-12100F da i5-12400F. Wanda ya sayi ɗayansu ba tare da kati ba, zai kunna ya ga allo baƙi ƙirin ya ɗauka an cuce shi.

Babban allo, wato madabod, dole ya dace da furosesa. Ryzen 5000 na zama ne a gurbin AM4, a kan alluna irin A520, B450 da B550, sai dai tsohon B450 na iya buƙatar a sabunta masa BIOS kafin ya gane ta, aikin da ya kamata a yi tun a shago. AM4 na amfani da ram DDR4, sabon gurbin AM5 na 2022 kuma DDR5 kaɗai yake karɓa, kuma ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya. Sanda biyu masu gigabayit 8 kowanne sun fi sanda ɗaya mai 16 sauri, musamman ga mai dogaro da 5600G.

Gaskiyar da masu sayar da kaya ba za su faɗa ba ita ce, wanda ƙwallo kaɗai yake so, PlayStation 4 ta hannu za ta fi masa sauƙi. Abin da ya ba kwamfuta fifiko shi ne da rana tana iya neman kuɗi: buga takardu, zanen fosta da katin biki, tace bidiyo, da atisayen jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake rubuta ta gaba ɗaya.

Darasin 2021

A watan Satumban 2021, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina domin yaƙi da 'yan bindiga. Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa duk suna ciki, kuma an shafe watanni kafin sabis ya dawo.

Mutanen yankin ba sa buƙatar a tuna musu da wahalar da aka sha. Ga mai haɗa kwamfuta, abin da ya fito fili shi ne wasan da ba ya buɗewa sai ya gaisa da intanet, ranar da sabis ya ɗauke ya zama hoto. eFootball ya dogara sosai da intanet, wasannin EA ma na neman a tabbatar da su ta manhajar kamfanin. Steam na da tsarin wasa ba tare da intanet ba, amma sai an shiga asusun tun da sabis. Shagon GOG kuwa yana sayar da wasannin da da zarar an sauke su, ba sa sake neman izinin kowa.

Ko da sabis na nan, sauke gigabayit 100 da datar waya ba ƙaramin aiki ba ne, balle bayan da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025. Shi ya sa babban wurin ajiya ya fi muhimmanci a nan fiye da yadda ake nunawa a bidiyo, don kada a riƙa goge wasa ana sake saukewa. SSD mai terabayit 1 ya fi tsohon faifai mai juyawa sauri, ya kuma fi shi jure jijjigar hanya.

Kasuwa da hanya

Funtuwa ce babban gari mafi kusa ga mutanen Faskari da Sabuwa, na Ƙanƙara kuma Malumfashi. Amma kayan gem irin katin hoto, yawanci sai an dangana da Kano, a Titin Beirut ko kasuwar Farm Centre, ko Banex a Abuja, ko a yi oda daga Computer Village da ke Ikeja a Legas.

A yankin da hanyoyi irin ta Funtuwa zuwa Gusau, wadda ta ratsa Sheme da 'Yankara, suka sha fama da masu garkuwa da mutane, komawa Kano don canza ram guda ɗaya ba ƙaramar shawara ba ce. Abin da ya fi shi ne a haɗa kwamfutar a shagon, a kunna ta a gaban mai kaya, a buga wasa na aƙalla rabin awa kafin a biya.

Katin hoto na hannu shi ya fi buƙatar wannan gwaji. A watan Satumban 2022 kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da tsarin haƙo shi da katin hoto, sai masu haƙar suka zubo dubban katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana, RX 580 na kan gaba. Akwai kuma na jabu, tsofaffin katuna da aka sauya wa suna su riƙa nuna GTX 1050 Ti. Manhajar GPU-Z kyauta ce kuma tana tona asirin da yawa daga cikinsu. FurMark na matsa wa kati lamba a ga ko zai yi zafi ya mutu, CrystalDiskInfo kuma na nuna awa nawa faifai ya yi yana aiki.

Wasu kan bi gajeriyar hanya: su sayi tsohuwar kwamfutar ofis irin Dell OptiPlex ko HP EliteDesk su saka mata kati. Dabara ce mai kyau ga mai ƙaramin ƙarfi, sai dai siraran cikinsu gajeren kati kaɗai ke shiga, wanda ba ya neman ƙarin waya, kamar wasu nau'o'in GTX 1650. A kuma duba shekarunta. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga Intel zubi na 8 yake farawa.

Zafi da ƙura

Daga Maris zuwa Mayu zafi a yankin kan kai digiri 40, a ɗakin kwano ma ya fi haka. Duk digirin da ɗaki ya ƙara, kusan haka furosesa da kati ke ƙarawa, kuma idan suka kai iyakarsu sai su rage gudu da kansu, wasa ya fara sarƙewa. Akwatin gilashi mai fitilu kala-kala yana da kyau a hoto, amma mai raga a gaba da fanka biyu ko uku shi ke barin iska ta ratsa.

Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe fankoki. A ɗora akwatin a kan tebur maimakon ƙasa, a riƙa cire ragar ana kakkaɓewa, a rufe shi da ƙyalle idan an kashe. Da damina, in hadari ya haɗu ana walƙiya, a zare waya daga bango gaba ɗaya.

Hunturu na da wani haɗarin da ba a cika ambata ba. Ɗan tartsatsin nan da mutum ke ji idan ya taɓa ƙofar mota ko ya yaye bargo lokacin da iska ta bushe, ya isa ya kashe sandar ram ko furosesa. Mai haɗawa ya guji yin aikin a kan darduma ko katifa, ya riƙa taɓa ƙarfen akwatin kafin ya ɗauki kowane kaya, ya kuma riƙe shi ta gefe ba ta wajen haƙoransa masu ruwan zinare ba.